Kitsen hanta da takardar gwajin jini: abin da aka gano a jikin mutanen Dalas

A shekarar 2000 likitocin jami'ar UT Southwestern da ke birnin Dalas, a jihar Teksas ta Amurka, suka fara bi gida-gida suna neman waɗanda za su yarda a binciki lafiyarsu. Ciwon zuciya ne ya fito da su, shi ya sa aka sa wa aikin suna Dallas Heart Study. Gidauniyar Donald W. Reynolds ce ta ɗauki nauyinsa. An yi wa mutum sama da 6,000 tambayoyi a gidajensu, aka ɗebi jinin fiye da rabinsu, kuma da gangan aka sa baƙaƙen fata suka kai kusan rabin waɗanda aka ɗauka, domin an daɗe ana yin irin wannan bincike a kan Turawa zalla sannan a ɗora sakamakon a kan kowa. Ragowar kuwa Turawa ne da 'yan asalin Latin Amurka, galibinsu masu tushe a Meksiko.

Hanta ta shigo cikin lamarin ne ta dalilin na'ura. Tun da dai an riga an kwantar da mutum a cikin na'urar MRI don ɗaukar hoton zuciya da jijiyoyi, sai aka ƙara wani awo: a saita na'urar a kan wani ɗan yanki na ɓangaren dama na hanta, ta bambance amsar da ruwa yake bayarwa da wadda kitse yake bayarwa, a fitar da adadin kitsen kashi nawa ne cikin ɗari. Babu allura, babu yanka. Kafin wannan lokaci, mai son sanin gaskiyar kitsen hanta sai ya soka allura ya gutsuro tsoka, abin da ba za a yi wa dubban mutane masu lafiya ba, ko ya dogara da sikanin na yau da kullum, wanda ba ya ganin kitsen sosai sai ya taru da yawa, ko kuma ya duba sinadarin hanta da ake kira ALT a jini ya yi hasashe.

Abin da na'urar ta nuna

Jeffrey Browning da abokan aikinsa, ciki har da Helen Hobbs da Scott Grundy, suka fitar da sakamakon a 2004, daga mutum 2,287. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da kitse a hanta fiye da ƙima. Waɗannan kuma ba majinyata ba ne da aka tsinto a gadon asibiti, mutanen gari ne da ke zuwa aiki su dawo. Iyakar da aka yanka, wato kashi 5.56 cikin ɗari, an samo ta ne daga mutum 345 na cikinsu waɗanda ba su da ƙiba, ba su da ciwon sukari, ba sa yawan shan giya, kuma ba a san su da wani ciwon hanta ba. Har yau da wannan iyaka ake aiki a binciken kitsen hanta a ƙasashe da dama.

Da aka rarraba mutanen sai bambanci ya fito fili. A cikin 'yan asalin Latin Amurka kashi 45 ne ke da matsalar, a Turawa kashi 33, a baƙaƙen fata kashi 24. A Turawa maza sun kusa ninka mata, 42 da 24. Sai kuma lambar da ya kamata duk mai karanta takardar gwaji ya riƙe: kashi 79 na masu kitsen hanta, ALT ɗinsu lafiya lau yake. A cikin mutum biyar masu matsalar, huɗu za su karɓi takardar gwajin hanta a ce musu babu komai.

Wannan ba laifin gwajin ba ne. ALT sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, sai sun ji rauni yake tsiyayowa cikin jini. Kitse yana iya shekara da shekaru a zaune bai fasa ƙwayoyin da yawa ba. Abin da ALT yake faɗa shi ne ko hanta tana jin ciwo a yanzu, ba ya faɗar abin da ta tara.

Ta ina kitsen yake shiga

Yawancin mutane idan aka ce musu hantarsu ta yi kitse, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne man gyaɗa, man shanu da kitsen tsire. Wani ƙaramin bincike da Kerry Donnelly da Elizabeth Parks suka fitar a 2005 daga Minesota ya bi sawun kitsen a jikin masu wannan ciwo, ya gano cewa kusan kashi 59 na kitsen da ke hanta daga ma'ajiyar kitsen jikin mutum ya taho, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da abinci mai sitaci, kashi 15 kacal ya fito kai tsaye daga maiƙon abinci. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma binciken da aka yi daga baya bai rushe wannan tsari ba.

Abin da ya haɗa hanyoyi biyun farko shi ne insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini. Aikinsa idan an ci abinci shi ne ya sa tsoka ta karɓi sukari, ya hana kitsen jiki narkewa ya shiga jini, ya kuma tsayar da hanta daga fitar da sukari. Idan jiki ya fara rashin jin insulin, abin da teɓa da yawan zama suke jawowa, sai kitsen jiki ya riƙa tsiyaya cikin jini ba ƙaƙƙautawa. Kitsen da ke cikin ciki, tsakanin hanji, ya fi illa, saboda jinin da ya fito daga nan hanta yake fara sauka. Jiki kuma sai ya ƙara yawan insulin don ya rinjayi matsalar, shi kuma yawan insulin ɗin yana ingiza hanta ta ci gaba da mayar da sukari kitse. Sukarin da ake zubawa a shayi da lemon kwalba rabinsa wani nau'in sukari ne da ake kira furuktos, wanda idan ya yi yawa hanta ce ke ɗaukar nauyinsa.

Hanta ba ta zauna haka kawai ba, tana ƙoƙarin rage kaya. Tana ƙunshe kitsen a cikin wasu ƙwayoyi da ake kira VLDL ta tura su jini. Daga nan ne maiƙon jini da ake kira tiraigilisaraid, wanda takardar gwaji ke rubutawa TG, yake hawa. Idan ya hau, yakan ja kolestarol mai kyau, wato HDL, ƙasa. Saboda haka hoton da likitoci suka saba gani shi ne TG sama, HDL ƙasa, sukari ya ɗan ɗaga, ƙugu ya faɗaɗa, jini ya fara hawa. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka, Turai da Latin Amurka suka sauya wa ciwon suna zuwa MASLD, suka ce kafin a kira shi haka sai an ga kitse a hanta tare da aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan biyar. Iyakokin sun haɗa da TG 150 ko fiye, sukarin safe kafin a karya kumallo 100 ko fiye, HDL da bai wuce 40 ba ga namiji ko 50 ga mace, duk a ma'aunin mg/dL, da hawan jini daga 130/85.

Inda lissafin ya karkace

Da a ce wannan hoto ya hau kan kowa daidai, da baƙaƙen fatar Dalas ne za su kasance a sahun gaba. Ƙiba ta yi musu yawa, musamman mata, rashin jin insulin kuma suna kafaɗa da kafaɗa da 'yan Latin Amurka. Amma su ne mafi ƙarancin kitsen hanta, su ne kuma mafi ƙarancin TG.

Richard Guerrero da Browning da sauransu suka koma kan mutanen a 2009, suka auna inda kitse yake zama a jiki. Sai aka ga baƙaƙen fata sun fi tara shi a ƙarƙashin fata da cinyoyi, na cikin cikinsu bai kai na sauran ba. A dukkan rukunonin uku, kitsen cikin ciki shi ne ke tafiya tare da kitsen hanta, kuma da aka daidaita lissafi a kansa, bambancin hanta tsakanin rukunonin ya kusa ɓacewa. Na TG kuwa bai ɓace ba. Baƙar fata mai rashin jin insulin yana iya zuwa da maiƙon jini kamar na mai cikakkiyar lafiya.

Anne Sumner, likita a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ta riga ta ci karo da wannan ta wata ƙofar. A 2003 ƙungiyar Gerald Reaven a Stanford ta ba da wata dabara mai sauƙi: a raba TG da HDL, idan amsar ta kai 3, akwai alamar rashin jin insulin. Dabarar ta karɓu saboda ba ta buƙatar gwaji mai tsada. Sumner ta gwada ta a kan baƙaƙen fatar Amurka ta fitar da sakamako a 2005 cewa ba ta aiki a jikinsu. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne sinadarin da ke share maiƙo daga jini, lipoprotein lipase, ya fi ƙarfi a jikinsu, kuma rashin jin insulin ba ya kashe masa gwiwa kamar yadda yake yi a jikin Turawa.

A ganina nan ne lamarin Dalas ya fi shafar mai karatu Bahaushe. Kakannin baƙaƙen fatar Amurka daga yammaci da tsakiyar Afirka aka kwashe mafi yawansu. Ba a cewa jikinsu ɗaya ne da na mutumin Katsina ko Maraɗi, tun da sun gauraya da wasu jinsuna, abincinsu da rayuwarsu ma daban. Amma ƙarancin TG abu ne da aka sake gani a Afirkawan yamma da suka yi hijira zuwa Amurka a wannan zamani, a wani aikin na Sumner ɗin. Ke nan wanda ya ga TG ɗinsa 95 ya ce ya tsira, alhali tumbi ya yi gaba kuma sukari yana 110, ya yi saurin murna. Haka kuma wanda ya ji an ce baƙar fata ba su cika kamuwa ba ya saki jiki, ya manta cewa kashi 24 ɗin nan mutum ɗaya ne cikin huɗu.

Gado

Hobbs da Jonathan Cohen masana ƙwayoyin gado ne, kuma bambancin 45, 33 da 24 bai bar su sun huta ba. Suka binciki sauye-sauye sama da 9,000 a ƙwayoyin gadon mutanen Dalas. A 2008, tare da Stefano Romeo, suka nuna ɗaya da ya yi fice, a ƙwayar gadon da ake kira PNPLA3. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka, kitsen hantarsa ya ninka na wanda bai gada ba har da ɗoriya. Yaɗuwar sauyin kuma ta bi sahun ciwon sak: kusan kashi 49 a 'yan Latin Amurka, 23 a Turawa, 17 a baƙaƙen fata. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne sauyin bai taɓa nauyin jiki ba, bai taɓa ma'aunin insulin ba, bai ɗaga TG ba. Yana cika hanta da kitse ba tare da ya bar sawu a takardar sukari da maiƙo ba.

Na biyun ya fi ban mamaki. A 2014 Julia Kozlitina da wannan ƙungiya suka gano wani sauyi a TM6SF2 wanda ke ƙara kitsen hanta amma yana rage TG da kolestarol marar kyau a jini. Da aka rage aikin ƙwayar gadon a jikin ɓeraye, kitsen hantarsu ya ninka sau uku, abin da take fitarwa kuma ya ragu da rabi. Kamar sito ne a kasuwar Dawanau: idan ka tsaya bakin titi ka ga motocin da ke fita ba su da yawa, ko dai kaya ne babu, ko kuma kayan sun cika sito an rasa mai lodi. Gwajin TG bakin titi yake tsayawa.

Kada a ɗauka gado ya gama magana. Stefan Stender ya sake duba mutanen Dalas a 2017 ya haɗa gado da ƙiba. A cikin marasa jiki waɗanda ba su gaji sauyin PNPLA3 ba, kashi 9 ne ke da kitsen hanta. A cikin masu ƙiba sosai da suka gaje shi ta ɓangarori biyu, kashi 84. Mai gadon da bai tara teɓa ba haɗarinsa kaɗan ya ƙaru, ƙibar ce ke hura abin.

Ma'aunan da ake lissafawa daga jini

Tun da MRI ba abin kowa ba ne, masana sun yi ta ƙirƙiro lissafin da zai maye gurbinsa. Biyu sun fi yawo. Na farko shi ne FLI, wanda Giorgio Bedogni ya fitar a 2006 daga mutanen wani ƙaramin gari a arewacin Italiya, Kamfogaliyano. Yana haɗa TG, wani sinadarin hanta da ake kira GGT, faɗin ƙugu da nauyin jiki gwargwadon tsawo. Ƙasa da 30 ana ɗauka babu kitse, daga 60 zuwa sama ana ɗauka akwai. Na biyu shi ne TyG, wanda Luis Simental-Mendía da Fernando Guerrero-Romero suka kawo a 2008 daga Durango ta Meksiko. Ana ninka TG da sukarin safe, a raba biyu, a ɗauki logaridim ɗin amsar, wato a danna ln a kalkuleta. Asalinsa don gano rashin jin insulin aka yi shi, daga baya bincike da yawa, musamman a Sin da Koriya, suka nuna yana tafiya da kitsen hanta.

A gwada da lambobi. Mai TG 150 da sukari 100 zai samu kusan 8.9. Mai TG 90 da sukari 110 zai samu kusan 8.5. Na biyun sukarinsa ya fi muni, ya riga ya shiga matakin da ke gaban ciwon sukari, amma lissafin ya ba shi maki mafi kyau, saboda TG yana da faɗin hawa da sauka fiye da sukari, shi yake jan amsar. Idan na biyun mutumin Zariya ne mai tumbi, lissafin ya yi masa daɗin baki ne. Akwai ma wani ruɗanin: wasu masu bincike suna raba biyun ne bayan sun ɗauki logaridim, sai amsa ta fito 4 da ɗoriya maimakon 8 da ɗoriya, kuma ana samun iyakokin duka biyun suna yawo a intanet ba bayani. Sannan lissafin da mg/dL ake yin sa, alhali ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya da mmol/L suke rubutu. Sai an ninka sukari da 18, TG kuma da 88.5, kafin a fara.

Ba cewa nake yi ma'aunan ba su da amfani ba. Idan suka hau, gargaɗi ne na gaske, kuma a jikin da TG ba ya saurin hawa, hawansa ya fi zama abin lura. Matsalar tana wajen saukarsu. An yanka su ne a jikin Italiyawa da 'yan Meksiko, jinsuna biyu da TG ɗinsu ke amsawa da wuri. Ko iyakar ƙugu da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ba Afirka kudu da Sahara, santimita 94 ga maza da 80 ga mata, ta Turai ce aka ara.

Gwajin sukari na wata uku, HbA1c, shi ma yana da nasa tarkon a wajenmu. Yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne, don haka duk abin da ya taɓa ƙwayoyin ya taɓa shi. Wani bincike da Mary Lacy ta jagoranta a 2017 ya nuna baƙaƙen fatar Amurka masu AS suna samun HbA1c ƙasa da na masu AA ko da sukarinsu ɗaya ne. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a mazan yammacin Afirka, shi ma yana saukar da shi. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne.

Abin da lamarin yake nufi a ɗakin likita

Kitsen shi kaɗai ba shi ne babban abin tsoro ba. Mafi yawan masu shi ba za su taɓa kaiwa ga lalacewar hanta ba, kuma abin da ya fi kashe su ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Wasu kaɗan ne kitsen ke jawo musu kumburi, irin wanda Jurgen Ludwig ya bayyana a asibitin Mayo a 1980 daga majinyata 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha. Kumburin ne ke barin tabo, tabon ya taru hanta ta yi tauri ta motse, daga nan sai kumburin ciki, aman jini ko ciwon daji. Saboda haka tambayar da likitocin hanta suka fi damuwa da ita yanzu ita ce ko tabo ya fara. Akwai lissafi mai arha don wannan, FIB-4, daga shekaru, ALT, wani sinadarin hanta irinsa da ake kira AST, da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Ƙasa da 1.3 hankali ya kwanta, sama da 2.67 a tura wa ƙwararre, tsakani kuma a nemi awon taurin hanta da na'urar FibroScan inda ake da shi. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ce a riƙa yi wa masu ciwon sukari nau'i na biyu wannan lissafi ko da ALT ɗinsu daidai yake, domin fiye da rabinsu suna da kitsen hanta.

Akwai abin da Dalas ba ta fama da shi kamar mu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Duk wanda ALT ɗinsa ya hau, ko sikanin ya nuna kitse, kafin a ɗora wa tuwo da shayi laifi sai an gwada B da C, an tambayi giya ba tare da kunya ba, an kuma tambayi jiƙe-jiƙe da magungunan ƙarin ƙiba da na ƙarfin maza da ake sha ba lissafi. Hantar da ke ɗauke da ƙwayar cuta kuma ta tara kitse, nauyi biyu take ɗauka.

Wajen magani, shaida mafi ƙarfi tana kan rage nauyi. Eduardo Vilar-Gomez ya bi majinyata 293 a Kyuba na shekara guda, aka gutsuri hantar mafi yawansu a farko da ƙarshe. A cikin waɗanda suka rage kashi 10 na nauyinsu ko fiye, kumburin ya warke a kashi 90, tabo kuma ya ja baya a kashi 45. Sai dai mutum ɗaya cikin goma ne ya iya kaiwa wannan mataki, abin da duk wanda ya taɓa gwada rage ƙiba ba zai yi mamakinsa ba. Rage kashi 5 ma yana sauke kitsen. Ga mai kilo 90, wannan kilo huɗu da rabi ne, kuma wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun da aka cika wa sukari, shayi mai cokali huɗu, tare da tafiyar ƙafa kullum, wadda ke rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, maganin farko da aka yi wa wannan ciwo, a 2025 kuma ta ƙara da semaglutide, dukansu ga waɗanda tabo ya riga ya kama sosai, kuma da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin mutane. Awon ƙugu kuwa tef ɗin tela ya isa: a zagaya shi tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an fitar da numfashi, a tabbata amsar ba ta kai rabin tsawon mutum ba.